Shekarar da Kabewar Habila Ta Ƙi Yin 'Ya'ya

Akwai wani mutum mai suna Habila, yana zaune da matarsa Saraya a ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare daji ya fara. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Alheri. Ta yi girma, ta yi aure a wani gari mai nisa, aka bar su su biyu a gidan.

A bayan ɗakunansu akwai fili mai ɗan faɗi, an zagaye shi da katangar ƙasa. Tsakiyar filin na Habila ne. Nan yake yin kunyoyinsa, yana shuka kabewa da kankana da gurji, ga kuma gwaiba biyu kusa da rijiya. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya wasa da noma, ba ya kuma son ganin ko tsinke ya kwanta inda ba wurinsa ba. Kabewarsa kuwa ta yi suna a unguwar. Wata sai mutum ya rungume ta da hannu biyu kafin ya iya ɗaga ta. In maƙwabta suka tambaye shi yadda yake yi, sai ya buɗe tafin hannuwansa ya nuna musu kanta, ya ce, "Ga amsarku nan."

Gindin katanga kuwa na Saraya ne. Tun farkon aurensu, in ta je daji neman itace, takan dawo da wata saiwa ko wani ɗanyen reshe a kan daminta, ta dasa a jikin katanga. Da haka ta tara shuwaka, da sabara, da geza, da ɗaɗɗoya, da albasar kwaɗi, da waɗansu da ita kanta ba ta san sunansu ba. Tumfafiya ma da ta fito da kanta a lungu, ba ta cire ta ba. Shuke-shuke ne na ƙasar, in sun kama sau ɗaya sun zauna ke nan. Da rani waɗansu sukan bushe kamar sun mutu, ruwan fari na sauka su farfaɗo daga tushe. A ƙarƙashinsu ta ajiye wani tsohon kasko da tsakuwa a ciki, kowace safiya ta zuba masa ruwa.

Habila bai taɓa ganin amfanin wannan ba. Yakan ce mata, "Mutane suna sare daji su yi gida, ke kuma kina kwaso daji kina kawowa gida."

Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce, "Ka bar su, Baban Alheri. Ba su tare maka komai ba."

Shekaru suka wuce, gari ya yi ta girma. Aka sare dajin da ke bayansu, aka yanka fuloti, aka gina gidajen bulo, aka shafe tsakar gidajensu da siminti. Gidan Habila da ke bakin gari ya koma tsakiyar unguwa.

Ana nan sai Saraya ta kwanta ciwo, ciwon da ba ta tashi ba. Ta rasu bayan kaka, aka yi jana'izarta, masu ta'aziyya suka watse. Alheri ta yi mako uku ta koma gidan mijinta. Habila ya zauna shi kaɗai.

Rani ya shigo. Duk lokacin da ya fita bayan gida, idonsa sai ya sauka a gindin katangar nan, zuciyarsa ta yi masa nauyi. Ga karan ɗaɗɗoya a bushe, ga geza ta zubar da ganye, ga kasko ba ruwa. Shuwaka ce kaɗai ta yi farin fure, ƙudan zuma na ta kai-komo a kanta. Wata safiya ya ce a ransa, "Mai su ta tafi. Me zan yi da su? Gara in share wurin in ƙara kunyoyi, in huta da kallonsu." Sai ya ɗauko gatari da diga.

Saraya tana da yaya mai suna Briskila, tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune can bayan kasuwa. Tun da aka yi rasuwar takan kawo wa Habila abinci jefi-jefi. A ranar ta shigo da kwano a hannu, ta tarar ya riga ya kwantar da shuwaka biyu.

Ta ce, "Baban Alheri, me kake yi haka?"

Ya ce, "Gyara nake yi, Yaya. Duk sun bushe, macizai kawai za su tara mini."

Ta sa farce ta kankare bawon wani reshen geza, ta nuna masa koren da ke ciki. Ta ce, "Duba, da ransu. Ka yi haƙuri ruwa ya sauka, za ka gani. Shekara ashirin da wani abu ƙanwata ta yi tana renon wurin nan."

Da ya ji ta ambaci Saraya, baƙin cikinsa ya juye ya zama fushi. Ya ce, "Yaya, gidan nan nawa ne. Da ran ƙanwarki ma haƙuri kawai na yi da wannan shirmen nata. In koya mini noma kika zo yi, ki ɗauki kwanonki ki koma."

Briskila ta dube shi. Ta ajiye kwanon a bakin rijiya, ta gyara ɗankwalinta, ta fita. Daga ranar ba ta sake taka gidan ba.

Kwana uku ya yi yana sara yana tono, har ya tumɓuke su duka, saiwa da tushe. Ya tara su tsibi guda ya cinna wuta. Da hayaƙi ya tashi, sai ya ga waɗansu ƙananan ƙwari suna fitowa daga cikin busassun karan, suna faɗawa cikin wutar. Bai kula ba. Ya jefar da kaskon a juji, ya share wurin fes, ya tsaya yana duba aikin hannunsa, ya ce ya yi kyau.

Damina ta faɗi, ya yi shuka har jikin katanga. Kabewa ta tsiro, ta yi yaɗo, ganyenta faffaɗa kore shar, ta rufe filin duka. Ta yi fure rawaya ba iyaka. Habila ya ji daɗi a karo na farko tun rasuwar matarsa, ya ce, "Bana za a ga kabewa."

Amma abin bai zo yadda ya zata ba. A gindin fure sai ɗan ƙaramin ɗa ya fito kamar ƙwan zabo, ya yi kwana uku ko huɗu, ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. Wani ya fito, shi ma ya faɗi. Kankana haka, gurji haka. Habila ya ce taki ne ya yi kaɗan, ya ƙara taki. Ganye ya ƙara girma, 'ya'ya suka ci gaba da zuba. Ya ce ai ƙwari ne, ya samo maganin feshi ya feshe gonar sau biyu. Daga nan ko ɗan abin da yake kamawa ya daina.

Wata safiya ya zauna a bakin rijiya, ya rasa abin yi. Sai ya lura wurin ya yi tsit. A da, in ya sunkuya da sassafe yana cire ciyawa, sai ya riƙa kaɗe ƙudan zuma daga fuskarsa, gidan duka yana amsa ƙugin fukafukansu. Ya tashi ya bi kunya guda yana leƙa cikin furanni ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Bai ga komai ba sai tururuwa. Abin ya tsaya masa a rai, amma bai san ma'anarsa ba.

Kaka ta yi, Habila ya girbe kabewa uku, babu wadda ta kai kan jariri. Ranar sujadar godiyar girbi, sa'ad da kowa yake kai amfanin gonarsa gaban majami'a, ya zauna a benci na baya, bai kawo komai ba. Wani dattijo ya juyo ya ce masa, "Malam Habila, ina kabewar bana?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Bana ba ta yi ba."

Yana ɗaga ido sai ya ga Briskila tana tafiya a hankali saboda ciwon gwiwa, waɗansu mata biyu suna biye da ita da daro cike da kabewa manya-manya. Ya san gidanta, ya san filinta bai kai rabin nasa ba. Ya kuma san ba ta da ƙarfin riƙe fartanya na awa guda.

Mako biyu ya yi yana kokawa da zuciyarsa. Sau biyu ya kama hanyar bayan kasuwa, ya juyo daga rabi. A karo na uku ya isa, ya yi sallama.

Briskila ta ce, "Shigo, Baban Alheri." Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ba ta nuna masa komai a fuska ba.

Bai iya zama ba. Idonsa ya tafi gindin katangarta, sai ga shuwaka, ga sabara, ga geza, ga ɗaɗɗoya, an jera su kusan yadda suke a gidansa a da. Ga ƙudan zuma manya da ƙanana, ga malam-buɗe-littafi suna sauka suna tashi.

Ya ce, "Yaya, ina kika samo waɗannan?"

Ta ce, "Daga gidanka. Ƙanwata ce ta riƙa kawo mini, yau reshe, gobe saiwa."

Sai ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Na yi miki laifi, Yaya. Ki gafarce ni."

Ta ce, "Tashi. Na yafe maka tun a ranar, na san baƙin ciki ne ya yi magana. Amma na ji zafi, ba don ka kore ni ba. Aikin ƙanwata ka kira shirme."

Ya ba ta labarin gonarsa duka, da takin, da feshin, da shirun da ya ji. Ta saurara har ya gama, sa'an nan ta kai shi wajen wani yaɗon kabewa da ya rage mata kusa da randa, ta tsinko fure biyu. Ta ce, "Ka gani, furen kabewa iri biyu ne. Wannan namiji ne, ga garin rawaya a cikinsa. Wannan mace ce, ga ɗan a gindinta. In garin nan bai kai ga macen ba, ɗan zai faɗi, ko da buhun taki goma ka zuba. Ƙudan zuma ne suke kai shi. To, kabewarka wata biyu take yi tana fure. Sauran wata goma me za su ci? A da suna da daji. Da aka sare dajin, ba abin da ya rage musu a unguwarku sai gindin katangar nan. Shuwaka ta ciyar da su da rani, sabara ta karɓa, ɗaɗɗoya ta karɓa, har kabewarka ta buɗe. Ƙananan kuma a cikin busasshen kara suke ajiye 'ya'yansu. Kaskon nan kuwa a nan suke shan ruwa. Ka ƙone musu abinci, ka ƙone musu gida, waɗanda suka zo daga nesa kuma ka feshe su."

Habila ya ce, "Saraya ta san wannan?"

Ta ce, "Ta sani."

Ya ce, "Me ya hana ta faɗa mini?"

Briskila ta ce, "Ta faɗa maka. Sau ɗaya ma a gabana, muna ɓare gyaɗa. Ka yi dariya, ka ce ƙwaro ne zai yi maka noma?"

Da ya ji haka sai ya tuna da ranar, ya tuna yadda Saraya ta yi shiru ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ya rufe fuskarsa da hannuwansa ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko a ranar jana'iza.

Da ya natsu ya ce, "Ki ba ni in je in dasa yau."

Ta ce, "Ba yau ba. Yanzu ƙasa ta bushe, ba za su kama ba. Ka jira ruwa."

Ya jira ranin nan duka, yana kallon katangarsa tsirara. Da ruwa ya zauna, ya je da buhu. Briskila ta yanka masa rassan shuwaka, ta tono masa 'ya'yan sabara da geza da ƙasarsu, ta raba masa albasar kwaɗi, ta ba shi irin ɗaɗɗoya. Ta ce, "Shekarar farko ka shayar da su da rani, bayan haka za su riƙe kansu. Ka rufe gindinsu da busasshen ganye. In sun bushe kada ka sare, kada ka sa wuta. Maganin feshin nan kuma ka rabu da shi."

A daminar nan babu ƙudan zuman da za su yi masa aiki, saboda haka ya yi da hannunsa, yadda Briskila ta koya masa. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi, sai ya bi kunyoyi a sunkuye, ya tsinki namijin fure, ya goga shi a cikin macen, ɗaya bayan ɗaya. Bayansa ya yi ta ciwo. In ya makara, furen ya rufe, ɗan ya tafi ke nan. Duk wahalar nan kabewa goma sha ɗaya ya samu. Sai ya gane girman aikin da ake yi masa shekara da shekaru yana barci, yana kuma karɓar yabo.

Rabin abin da ya dasa ya mutu a ranin farko, ya koma ya sake roƙo. A shekara ta biyu sabara ta kai gwiwa. Karan ɗaɗɗoya ya bushe ya yi muni, hannunsa yana ƙaiƙayin ɗaukar lauje, amma ya daure. A shekara ta uku, cikin tsakiyar rani, shuwaka ta yi farin fure. Wata safiya yana jan guga sai ya ji ƙugi a bayansa. Ya saki igiyar a hankali, ya juya, ya ga ƙudan zuma sun rufe ta. Ya cire hularsa, ya tsaya nan ya gode wa Allah.

Amma ba duka shuke-shuken ne suka dawo ba. Akwai wata shuka mai shuɗin fure da Saraya ta tono a bakin wani rafi. Ta ba Briskila sau biyu, ba ta kama ba. Habila ya je inda rafin yake, ya tarar an cike shi an yi gini. Ya tambayi tsofaffi, ya tambayi masu zuwa daga ƙauye, ba wanda ya gane abin da yake kwatantawa. Har ya tsufa bai sake ganinta ba. Saboda haka duk wanda ya shigo gidansa da damina, sai ya yanka masa reshe ko ya tono masa saiwa, ya ce, "Ka kai gidanka. Kada su zauna a hannun mutum ɗaya, gama mutum ɗaya yana iya yin wauta."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Filin nan gidanka ne, shi ne kuma ikilisiya. Habila shi ne kowane ɗayanmu da Allah ya ba aikin da ake gani, ko wa'azi, ko shugabanci, ko riƙon iyali. Aikin yana da kyau, ƙwazon Habila ma ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne ya ɗauka hannunsa kaɗai ne ya kawo amfanin.

Shuke-shuken gindin katanga su ne mutanen da Ubangiji ya dasa a cikinmu, waɗanda ba sa tsayawa a tsakiya. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, amma tana ambaton sunan kowa a addu'a. Mutumin da yake zuwa kafin kowa ya share majami'a. Matar da take bin marasa lafiya gida-gida ba wanda ya aike ta. Uwa ko miji ko mata da suke yin shiru domin gida ya zauna lafiya. Ba ma kirga su cikin amfanin gona, amma saboda su ne alherin Allah yake samun wurin zama a cikinmu a watannin da babu komai. In muka rena su, muka ture su gefe, ganye zai ci gaba da yin kore na ɗan lokaci. Taro zai cika, waƙa za ta yi daɗi. 'Ya'yan ne za su riƙa faɗuwa, mu kuma mu yi ta neman dalili a wani wuri.

Ku lura kuma da busasshen reshen da Briskila ta kankare. Akwai ɗan'uwan da yake cikin ranin rayuwarsa, ya daina zuwa, ya daina magana, kamar ba sauran komai a cikinsa. Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Kai bawo kake gani, Allah ne yake ganin abin da ke ƙarƙashi. Ka je wurinsa, ka yi masa addu'a, ka jira ruwa tare da shi.

Habila ya tuba, aka kuwa gafarta masa nan take. Haka Ubangiji yake yi da duk wanda ya zo da tawali'u, ba ya sa shi jira a ƙofa. Amma abin da ya tumɓuke cikin kwana uku ya ɗauke shi shekara uku kafin ya mayar, wani abin kuma bai dawo ba har abada. Saboda haka ka ji tsoron abin da za ka yi da abin da za ka faɗa a ranar fushi da ranar baƙin ciki.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi nauyi. Habila ya sami Briskila da rai, ya roƙi gafararta. Saraya kuwa bai same ta ba. Ya gane aikinta sarai, amma ba wanda zai ce wa na gode. Kai da kake jin wannan misali, akwai wani a gidanka ko a ikilisiyarka da ya daɗe yana faɗa maka gaskiya kana dariya, yana yi maka hidima kana karɓar yabo. Ka san sunansa, tun ɗazu yake zuwa maka a zuciya. Yau yana da rai, yana kuma iya jin muryarka. Kada ka bari Lahadi mai zuwa ta same ka ba ka je wurinsa ba.